Ranar da Bushiya Ta Dunƙule

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

An yi wani tsibiri a tsakiyar kogi, ƙasar Kunkuru da danginsa tun kaka da kakanni. Wata shekara ambaliya ta kawo Dorina daga nesa. Ta ce, "Ku ba ni wuri in huta." Suka ba ta. Ta ce, "Ku ɗan matsa." Suka matsa. Ta ce, "Ku haye gaɓa, ni zan riƙe muku tsibirin amana." Shi ke nan, Kunkuru ya zama baƙo a bakin kogi, yana hangen gidansa.

A nan ya yi maƙwabtaka da Bushiya, suka shaƙu. Ita ce ma ta ce masa, "Baba Kunkuru, ka kai ƙara Taron Dawa. Ranar hawa gungume ina bayanka."

To, a Taron Dawa ba a ƙirga kawuna. Manya ne suka tsara abin tun ƙanana ba su da bakin magana. Gungume ne aka gicciya a kan dutse, masu goyon wannan su hau nan, masu goyon wancan su hau can. Inda ya rinjaya, nan gaskiya take. Dila ne mai shela.

Zaman farko, Giwa da Ɓauna suka hau gefen Dorina. Kunkuru da Bushiya da Zomo suna can sama suna reto. Dila ya ce, "Gungume ya yi magana!"

Zama na biyu, kwaɗi da zabbi da birai suka cika gefen Kunkuru, har ba masaka tsinke. Giwa ta ɗora ƙafa ɗaya a gefen Dorina. Dila ya ce, "Gungume ya yi magana!"

Ana nan, ana nan, sai Giwa da Dorina suka ɓata a kan wurin kiwo. Giwa ta ce ba ta zuwa taro, Ɓauna ya bi ta. Kunkuru ya bi gida-gida yana roƙo. Barewa ta zo, Jimina ta zo, har Raƙumin Dawa. Suka hau. Gungume ya yi lilo, ya yi lilo, ya tsaya cak, babu rinjaye.

Saura Bushiya. Gajerun ƙafafu ne suka makarar da ita. Tana isowa Dila ya tare ta, ya yi ƙasa da murya.

"Malama Bushiya, ramin 'ya'yanki ba a kan hanyar kiwon Dorina yake ba? Ni ban ce ki hau nata ba. Ki dai zauna a ƙasa."

Bushiya ta dubi tafin ƙafar Dorina, ta tuna 'ya'yanta da ko ƙaya ba su yi ba.

Kunkuru ya hango ta. "'Yata! Ke kaɗai kika rage. Hawo!"

Ta ji shi sarai. Sai ta cusa fuskarta cikin cikinta, ta dunƙule.

Ya kira, ya kira, har muryarsa ta dushe. Ƙanana suka gaji da tsayuwa. Dila ya ce, "Tunda gungume ya yi shiru, wanda ke zaune a wuri ya ci gaba da zamansa."

Da aka watse, Kunkuru ya biyo ta inda take. Ta jira zagi. Shi kuwa cewa ya yi, "Sannu, 'yata. Ki gaida yara." Wallahi da zaginta ya yi, da ya fi mata sauƙi.

Giwa da Dorina suka shirya, gungume bai ƙara tsayawa daidai ba. Kunkuru ya tsufa ya mutu a gaɓa. Bushiya ta je gaisuwa, matarsa ta shimfiɗa mata tabarma, ta miƙo ruwa, ta ce, "Har ya cika bai ambace ki da sharri ba." Bushiya ta kasa shan ruwan nan. Ta dunƙule a kan tabarma, sai mirgina ta aka yi zuwa gida.

Shi ya sa har yau, in bushiya ta ji motsin wani, sai ta ɓoye fuska. Kuna cewa tsoro ne? Kunya ce.

Yara, inda ake auna gaskiya da nauyin jiki, ƙarami ba ya samun rana sai jefi-jefi. In ta zo, wanda ya yi shiru ya riga ya zaɓi gefe.

Ƙurunƙus, kan bushiya a cikin ƙaya. Ku tashi, wuta ta mutu.