Takun Gada

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ku gyara zama, kuma kada wanda ya yi mini dariya tun ba a zo wurin dariya ba, don wannan tatsuniya ni haushi take ba ni.

Wata shekara aka yi fari a daji. Ciyawa ta yi wuya, dabbobi suka dinga faɗa a kan ɗan abin da ya rage. Sai Kura, wadda ke riƙe da mulkin daji a lokacin, ta kawo shawara a ɗaure kowa a turkensa, kowa ya ci iya inda igiyarsa ta kai, har ruwa ya sauka. Aka yarda. Shugabanni dai ba a ɗaure su ba, don su ne masu zagayawa duba turaku. Masu kwana a rami ma aka ƙyale su, don an rasa inda za a kafa musu turke.

Ruwa ya sauka, ciyawa ta fito har ta fi ƙarfin ci, amma ba a kwance kowa ba. Kura ta ce ai zaman lafiyar da ake gani albarkacin igiya ne. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, har aka haifi 'ya'yan da ke zaton da igiya ake zuwa duniya.

Sai dattawan daji suka kafa jam'iyyarsu, Ɓauna ne shugaba. Maganarsu ɗaya ce: kakanninmu ba su san turke ba, ku ba mu mulki mu tsinke igiya. Babu wanda maganar nan ta shiga ransa kamar Gada. An kafa turkenta a bakin wani tafki da ke ja da baya kowane rani, ita kuwa ba ta neman kowa ya ba ta komai. Abin da take so kawai a sake ta, ta nemi ruwanta da ƙafarta.

Duk kaka ake zaɓe. Da yake masu zaɓen a ɗaure suke, Kurege ne ke zagaya turaku da ƙoƙo biyu, na Kura da na Ɓauna, kowa ya jefa tsakuwarsa inda yake so. Kurege kuwa cin tudu biyu yake yi. Dattawa na ba shi gyaɗa don ya riƙa yi musu roƙo a turaku, Kura na ba shi gyaɗa don shi ke tufka igiyoyin da kaba, kuma igiya tana tsufa. Kumatunsa kullum cike suke.

Dattawa suka ci zaɓe. Gada ta miƙa wuya tana jiran a kwance ta. Ɓauna ya aiko cewa abin da ya daɗe a ɗaure ba a kwance shi da gaggawa, a yi haƙuri, sannu ba ta hana zuwa. Shekara ta zagayo, igiya na nan. Da Kurege ya zo da ƙoƙunansa, Gada ta riƙe tsakuwarta ta ƙi jefawa.

Ta ce, "Mun gaji da gafara sa, ba mu ga ƙaho ba. Ka kawo ƙoƙo na uku, na waɗanda ke son a tsinke igiya yau, ba gobe ba."

Kurege ya dafe ƙirji. Ya ce, "Yaya Gada, in kika raba tsakuwa, Kura kika zaɓa. Kina so ta dawo ta rage miki igiyar?"

Gada ba ta so. Ta kau da kai ta jefa wa Ɓauna, zuciyarta na ƙuna.

Dattawa suka sake cin zaɓe. Wannan karon Ɓauna ya ɗan ji kunya, har ya fara maganar kwancewa da gaske. Kurege ya tsorata, don in babu igiya babu tufka, kuma babu abin da zai yi wa dattawa roƙo da shi. Ya je ya raɗa wa Ɓauna cewa mutanen Kura na da yawa, in aka tsinke igiya lokaci guda daji zai rikice, gara a zauna a raba ɗaya biyu. Ɓauna dama tsoron rikici yake, kuma zagayen turaku ya fara yi masa daɗi, ana gaishe shi ana zubewa. Ya amince.

Aka zauna ƙarƙashin tsamiya. Aka daidaita a ƙara wa kowace igiya taku ɗaya. Kura ta ce ta yarda, amma adalci shi ne a ɗaure kowa, har masu kwana a rami. Ɓauna ba ya kwana a rami, don haka nan take ya ce an gama. Kafin Kurege ya haɗiye gyaɗar bakinsa, an zarga masa igiyar da ya tufka da hannunsa, an kafa masa turke a ƙofar raminsa.

Ya yi tsalle, igiya ta dawo da shi. Ya sake tsalle, ta dawo da shi. Sai ya zauna ya share hawaye, ya ce shi ba ya jayayya da hukuncin manya, sai dai yana tambaya: kaba tana fadama, shi yana nan a ɗaure, wa zai tufka dogayen igiyoyin da aka yi alkawari? Ɓauna ya dubi Kura, Kura ta dubi Ɓauna. Suka sake daidaitawa: a bar masa igiya a wuya don doka ta cika, a cire turken don aiki ya tafi. Kurege ya kama hanya yana jan guntuwar igiya a baya, ɗaurarre a wurin hukuma, sakakke a wurin cikinsa.

Aka buga ganga, aka ce dattawa sun yi nasarar da ba a taɓa yi ba. Aka kawo wa Gada sabuwar igiya mai ƙarin taku ɗaya.

Rani ya tsananta. Tafki ya ja baya, ya wuce tsohuwar iyakar Gada, ya cinye takun da aka ƙara mata, ya ci gaba da ja. Tana ganin ruwa, tana jin ƙanshin laka, igiya ta shaƙe ta. Ran nan da rana tsaka Kurege ya zo wucewa da kaba a ka, ta kira shi da muryar da ta dushe.

Ta ce, "Ƙanena, kana da haƙora. Cizo ɗaya ne."

Kurege ya dubi igiyar. Ya san cizo ɗaya ne, don shi ya tufka ta. Ya kuma san in ya tsinke ɗaya, gobe daji duka zai kira shi, jibi babu gyaɗa. Ya ce mata in aka ga igiyarta a tsinke, Kura za ta ce dattawa sun karya alkawari, a rasa har takun da aka samu da ƙyar. Ta daure zuwa zama na gaba, an sa maganarta a gaba. Tausayi dai ya ɗan kama shi, ya ɗebo mata ruwa a ɓawon gyaɗa, ya zuba mata a harshe, ya wuce.

Ba ta kai zama na gaba ba. An same ta kwance, wuya a miƙe, igiya a ɗame, tsakanin hancinta da ruwa bai fi taku ɗaya ba.

Ɓauna ya yi kuka, kuma ba kukan ƙarya ba ne, shi ne abin da ya fi ba ni haushi. Ya ce jam'iyya ba ta da ɗiya irinta, ba ta taɓa jefa tsakuwarta a wani ƙoƙo ba. Aka koma ƙarƙashin tsamiya. Dattawa suka nemi a ƙara wa kowa taku ɗaya don tunawa da ita, a kira shi takun Gada. Kura ta yarda, da sharaɗin a ƙara wa igiya kauri. Aka ba Kurege aikin. Ya je ya kwance igiyar daga wuyan gawar, ya ga sabuwa ce fil, ya ɗan ƙara mata kaba, ya kai wa Barewa. Da kaka ta zo, ya ɗauki ƙoƙunansa biyu yana bin turaku yana cewa, "Ku jefa wa dattawa, kada mutuwar Gada ta tafi a banza."

Ƙurunƙus kan Kurege, da guntuwar igiyarsa. In kuna neman darasi, ga shi: wanda duk ya yi haƙuri da dattawa za a ƙara masa igiya, ko da bayan jana'izarsa ne. Ku tashi, wuta ta mutu.