Rauta a Cikin Kabad

"To wai idan na tafi, wa ke taɓa akwatin nan?"

Akwai wata amarya, wata bakwai da aure, da ta ji wannan tambayar tana tsaye bayan labule da tiren shayi a hannu. Mai haɗa intanet ne ya yi wa mijinta ita. Ita kuwa ta san amsar.

Mijin nata ya shekara yana neman aiki. Ya sayar da babur ɗinsa, ya sa aka kafa masa kwanon intanet na tauraron ɗan'adam a kan rufi, aka jawo waya zuwa falo, aka ɗora farin akwatin da ake kira rauta a kan kabad ɗin ƙarfe na mahaifiyarsa. Yanzu wani kamfani ya ce zai gana da shi ta bidiyo ranar Laraba, ƙarfe goma na safe. Dama ɗaya ce tak.

Amma kullum da safe sabis sai ya mutu a ɗakinsa. Da yamma idan mai gyara ya zo, sai a ga komai garau.

"Kwano lafiyarsa ƙalau," in ji mai gyaran. "Shi aikinsa ya kawo intanet gida. Rabawa ɗaki-ɗaki aikin rauta ne, ita kuwa ƙarfinta ba ya nisa."

Wan mijin, wanda ake kira Injiniya duk da ko kwan fitila bai taɓa canjawa ba, ya yi tsaki. "Kai dai ka sayar mana da gwangwani. Ni da ka gan ni, na san harkar nan tun kana tsumma."

Amarya ta ajiye shayi ta fice.

Abin da ta sani shi ne wannan. Kowace safiya bayan shara, Umma, surukarta, takan sauke rautar, ta goge ta da gefen mayafi, ta sa a cikin kabad ta tura ƙofa, wayar na leƙowa ta gefe. Kayan da ya ci babur, a ganinta, ba a barinsa inda jikarta 'yar rarrafe za ta fisgo wayarsa. Idan an ce baƙo na tafe, sai ta fito da ita ta ɗora a sama don a gani.

Ta yaya amaryar da ko haɗa ido da suruka ba ta yi za ta ce, "Umma ce"? A gaban Injiniya, wanda zai mayar da zancen abin dariya har shekara ta zagayo? Idan kuma ta yi shiru, Laraba jibi ce.

Da mai gyara ya fito yana ɗaure jakarsa, ta tsaya jikin taga, murya can ƙasa.

"Malam, don Allah... ƙarfe yana tare sabis ɗin?"

"Ƙarfe? Ai ko bango rage shi yake yi. Ƙarfe kuwa shaƙe shi yake gaba ɗaya. Rauta a sama take so, a fili."

Ranar Talata ta wuni tana juya maganar. Sau uku tana zuwa ƙofar Umma tana komawa. Mijin ko abinci ya kasa ci, yana ta zagaye gida da waya a sama kamar mai neman sauro.

Bayan la'asar ta shiga ta durƙusa.

"Umma, alfarma nake nema. Kwanukana sun rasa wurin zama. Ko za ki ara mini kabad ɗin nan?"

"To akwatin yaron nan fa?"

"Na ga wani katako a bayan gida. Sai a kafa shi can sama, inda 'yar mitsitsiyar nan ba za ta kai wayar ba." Ta sunkuyar da kai. "An ce wai... ba ya shiri da ƙarfe."

Umma ta dubi kabad, ta dubi ƙofar ɗakin ɗanta, ta kama haɓa.

"La'ilaha illallahu," ta ce a hankali. Can ta miƙe. "Ɗauko guduma, 'yar nan."

Su biyu suka kafa katakon, Umma na riƙe da kujera, amarya na dukan ƙusa, sannan suka ɗora rautar a kai.

Laraba ƙarfe goma, amarya na tsaye a kicin, cokali a hannu, ta kasa juya komai. Tana jiyo muryar mijin ta bango. Minti goma, bai tsaya ba. Minti ashirin. Kowane shirun da ya yi, sai ta kasa kunne, har sai ya ci gaba. Da aka kai minti arba'in ya fito da gudu ba takalmi.

"Sun ɗauke ni! Ko sau ɗaya bai yanke ba!"

Injiniya ya gyara zama. "Ai jiya na kashe rautar na kunna. Sai da na ce muku a bar mini."

Umma ta shiga kicin, ta kwance makullin kabad daga bakin zanenta, ta damƙa a tafin amarya, ta riƙe hannun ta daɗe.

"Ba aro ba ne, 'yata. Naki ne."

Da mijin ya tambaye ta wa ya yi dabarar katakon, ta buɗe baki, sai ta hango Umma tana goge rautar da gefen mayafi, tana miƙa a kan yatsun ƙafa. Ta ce, "Wurin kwanuka nake nema." A ranta ta ƙudurta ba wanda zai taɓa jin sauran.

Darasi: Idan kuskuren mutum daga ƙauna ya fito, gyara shi ka bar masa mutuncinsa. Ku tura labarin nan ga wanda ya taɓa rufa muku asiri bai faɗa wa kowa ba.