Hannun Dogara a Tsakiyar Kogi

An yi wani mutum, 'yan'uwa, a wani gari na bakin kogi, tun zamanin da ba a yi gada a wurin ba. Sunansa Dogara, sana'arsa fito. Da kwalekwalensa guda yake ƙetare da mutane, masu zuwa kasuwa, masu kai mara lafiya, masu zuwa gaban alƙali, domin alƙalin ƙasar a hayi yake zaune. Bawan Allah ne da ba a jin muryarsa. A majami'a ma can baya yake zama, kusa da ƙofa, don in an yi kira daga bakin ruwa ya fita bai dami masu sujada ba. Bai iya karatu ba. Abin da ya ji an karanta shi yake riƙewa, ya tafi da shi cikin kwalekwale yana juya shi a ransa.

Shi da matarsa Tabita sun binne 'ya'ya uku tun suna goye. Na huɗun ne ya tsaya, Sila, ya girma ya zama magidanci, yana noma a fadama.

To, ku saurara. Maƙwabcin gonar Sila wani mutum ne ana kiransa Zakka. Ba baƙo ba ne, ba ɗan fashi ba ne. Majami'arsu ɗaya, shi ne ma yake buga ganga ranar Lahadi. Wata shekara, a tsakiyar damina, ruwa ya share iyakar da ke tsakanin gonakinsu. Wannan ya ce nan ne, wancan ya ce can ne. Kunyoyi biyu na masara, 'yan'uwa. Kunyoyi biyu! Magana ta yi zafi, Zakka ya ɗaga fartanya ya sauke a kan Sila. Kafin rana ta yi tsaka an ɗauko Sila a kan ƙyauren bukka, babu rai. Zakka kuwa ya shiga daji.

Bayan an dawo daga kabari, Tabita ta zauna a ƙasa, ba ta kuka, ba ta motsi. Can ta ɗaga kai ta ce, "Baban Sila, ina Allah yake lokacin da Zakka ya ɗaga fartanya? Wanda ya yi kogin nan da duk ruwan da ke cikinsa, hannun mutum ɗaya ne ya gagare shi riƙewa?"

Dogara ma tambayar ce take cin ransa. Sai ya tafi wurin Baba Irimiya, tsohon mai bishara na garin, ya zube a gabansa ya maimaita maganar matarsa.

Tsoho ya ce, "Dogara, ba zan yi maka ƙarya don in sanyaya maka rai ba. Abin da na sani kaɗan ne. Allah bai aiki Zakka ba, bai kuwa ji daɗin abin da aka yi ba. Ya yi mutum da hannu, ya bar masa hannun. Amma me ya sa bai riƙe shi a ranar ba, wannan ban sani ba."

Dogara ya ce, "Na gode, Baba." Ya tashi da nauyin da ya zo da shi.

Gari kuwa ya rikice. Dangin Sila suka shiga wasa adda, ko ta ina ka bi ƙarar ƙarfe a kan dutse kake ji. Suka ce in ba a ga Zakka ba kafin ranar kasuwa, unguwar danginsa za ta ci wuta. Dangin Zakka suka kwashe mata da yara zuwa ƙauyuka, mazansu suka ɗauko kwari da baka. Babu mai zuwa gona. Ciyawa tana cin masara, kowa yana zaune a ƙofar gidansa yana kallon hanya. Ranar Lahadi aka buga ƙararrawa, mutum bakwai suka zo, su ma kowa idonsa a kan taga. Mazan dangi suka yi ta zuwa wurin Dogara suna cewa, "Baba, ɗanka ne. Ka ce mana i kawai." Bai ce i ba. Amma ku ji gaskiya, bai ce a'a ba.

Rana ta huɗu, da hantsi, mutane sun fantsama cikin daji suna neman Zakka, Dogara ya gangara bakin kogi don ya kwashe ruwan sama daga kwalekwale. Yana sunkuyawa sai ya ga ciyawa ta motsa. Ya duba. Zakka ne, a tsugune cikin laka, sauro ya kumbura masa fuska, leɓunansa sun tsattsage. Ya zo ne ya saci kwalekwalen, sai ya ga kogi ya cika ya batse, shi kuwa bai iya tuƙi ba, bai iya iyo ba.

Suka kalli juna. Daga kan tudu ana jin haushin karnuka da muryoyin maza, suna matsowa.

Zakka ya ce, "Baba..."

Dogara ya ce, "Shiga."

Zakka bai motsa ba.

"Na ce ka shiga."

Ya rarrafa ya shiga, ya ƙanƙame gefen jirgi da hannu biyu. Dogara ya kwance igiya, ya ɗauki filafili, ya tura. Ku saurara da kyau, 'yan'uwa: kada ku ɗauka tausayi ne ya sa ya ce masa ya shiga. Shi kansa Dogara bai san abin da zai yi da mutumin nan ba.

A tsakiyar kogin akwai wani wuri da masu fito suke kira Tukunya, inda ruwa yake murɗawa yana jan kome zuwa ƙasa. Shekara talatin Dogara yana kauce masa. Ran nan sai ya ga hancin jirginsa ya doshi wurin, bai kuwa gyara ba. Jirgi ya fara rawa. Ruwa ja, mai kumfa, yana wucewa da kututture da mushen akuya. Zakka ya ga inda aka nufa, ya rufe ido, haƙoransa suna haɗuwa.

Abin da ya rage kaɗan ne. In Dogara ya danna ƙafa ɗaya a gefe, jirgi ya karkata, shi ke nan. Shi zai fita da iyo, Zakka ba zai fita ba. Wa zai tuhume shi? Kogi ya cika, haɗari ne. Gari ma yabonsa za a yi.

Dogara ya ce a ransa, "Ubangiji, in kana nan, ka riƙe ni. Ka riƙe hannun nan. Ka busar da shi, ka karya filafilin, ka yi wani abu!"

Ya jira. Babu abin da ya faru. Hannunsa bai bushe ba, filafili bai karye ba, sama ba ta tsage ba. Hannu nasa ne, ƙafa tasa ce, suna jiran umarninsa. Abu ɗaya kawai ya ji, can ƙasan zuciya, wata murya marar ƙarfi tana cewa, kada. Ba tsawa ba ce. Yana iya taka ta ya wuce.

Sai tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ya ce da ƙarfi, don ruwa yana ruri, "Zakka! Buɗe idonka. Lokacin da ka ɗaga fartanya, ba ka ji kome ba?"

Zakka ya fashe da kuka. "Na ji, Baba. Na ji kamar ana ce mini, bari. Sila ma ya riga ya juya baya zai tafi, ya ce a bar wa dattawa maganar. Na ji, Baba. Na ji, na ƙi."

Ta baya! Dogara bai san wannan ba sai yanzu. Ɗansa ya bar faɗan, ya juya zai tafi gida, aka sare shi ta baya. Idonsa ya rufe. Ƙafarsa ta hau gefen jirgi da kanta, jirgi ya karkata, ruwa ya fara kwararowa ciki. Zakka ya ƙwala ihu.

A nan ne, da ƙafarsa a kan gefe, abin da ya sha ji ana karantawa kowace shekara ya faɗo masa. Mutane sun kama Ɗan Allah, sun shimfiɗa shi a kan itace, wani ya ɗaga guduma. Uban yana gani. Da ya so, da hannun nan ya shanye a sama. Bai riƙe shi ba. Gudumar ta sauka. Wanda ake kashewa kuwa gafara yake roƙa wa masu kisan.

Dogara ya ce a fili, "Ubangiji, ashe kai ma an kashe maka Ɗa. Ashe ka san wannan."

Bai ji daɗi ba, 'yan'uwa, kada in ruɗe ku. Zafin yana nan. Amma ya sauke ƙafarsa. Ya jefa wa Zakka ƙwarya ya ce, "Kwashe ruwan." Ya kafa filafili da dukan ƙarfinsa, ya ja, ya ja, ya ja, har kafaɗarsa ta yi ƙara, jirgi ya kuɓuce daga bakin Tukunya da ƙyar.

Da suka isa hayi, Zakka ya faɗi a kan yashi zai kama ƙafarsa. Dogara ya ja baya. "Tashi. Ban ƙetare da kai don ka gudu ba. Jinin ɗana ba ruwa ba ne. Gaban alƙali za mu je, ka faɗa da bakinka abin da ka faɗa mini."

Hanya biyu ce a wurin, ɗaya ta shiga daji, ɗaya ta nufi gari. Zakka ya fi shi ƙuruciya, ya fi shi ƙarfi. Dogara bai sa masa igiya a wuya ba, ba shi kuma da makami. Sai ya juya ya kama hanyar gari, ya ba wa mutumin nan bayansa. Kowane taku yana jin ƙeyarsa tana sanyi, yana jira ya ji dutse ko ya ji gudu. Bai waiwaya ba. Taku goma, babu motsi. Taku ashirin. Sannan ya ji sawu a bayansa, a hankali, yana biye.

Alƙali ya ji maganar, ya sa aka tsare Zakka, ya haɗa Dogara da mutanensa su sanar a gari cewa mai laifi yana hannu, duk wanda ya ƙyasta wuta shi ma zai amsa. Da la'asar Dogara da mutanen alƙali suka sauka a gari. Taro yana bakin ruwa. Wani ƙanen Tabita ya tofa yawu a gaban Dogara ya ce, "Kai ba uba ba ne. Ka same shi a hannunka ka sake shi!" Wasu ba su ƙara shiga jirginsa ba har ya mutu. Amma ranar kasuwa ta zo ta wuce, ba a ƙone ko bukka ɗaya ba. Mata da yara suka dawo. Zakka ya yi shekaru masu yawa a kurkuku. Ko ya tuba da gaske, wannan tsakaninsa da Allah ne, ni ban sani ba.

Tabita ta yi wata guda tana ajiye masa tuwo ba ta ce masa uffan. Ran nan ta ajiye, ta tsaya. "Baban Sila, ka sami amsar?"

Ya ce, "Rabi na samu. Allah yana wurin a ranar, ya ce wa Zakka bari, Zakka ya ƙi. Ni ma ya ce mini, saura kaɗan in ƙi. Amma me ya sa ɗanmu ne, wannan sai na ga fuskarsa zan tambaye shi."

Ta zauna kusa da shi, suka yi kukan da ba su yi tare ba tun ranar.

'Yan'uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi. Allah ba ya kisan da mutum yake yi, ba ya kuwa murna da shi. Ya bar mana hannunmu a sake domin bai halicce mu dabbobin turke ba. Wanda aka ɗaure ba a cewa ya yi biyayya, ba a cewa ya yi ƙauna. 'Yancin da ya sa Dogara ya iya sauke ƙafarsa, shi ne 'yancin da ya sa Zakka ya iya sauke fartanya a kan Sila. Allah yana gargaɗi, yana roƙo, amma ba ya tilastawa. Bai kuma zauna can nesa yana kallonmu ba, ya shigo cikin jinin nan da kansa a kan gicciye. Shirunsa ba mantuwa ba ce. Kowane ɗigon jini da aka zubar za a tambaye shi a ranar shari'a, jinkirin da muke gani kuwa ƙofa ce da ya bari a buɗe ko mai laifi zai tuba. Sauran da ba mu gane ba, ba mu gane ba, kuma ba zunubi ba ne mu yi kuka mu tambaye shi.

Na san a cikin ɗakin nan akwai waɗanda suka binne nasu. Akwai wanda yake kwana yana tashi da sunan wani a zuciyarsa. Akwai wanda ya ajiye adda a ƙarƙashin gado, ba don noma ba. Ɗan'uwa, ranarka tana zuwa da za ka samu kanka a tsakiyar ruwa, babu mai ganinka, maƙiyinka a hannunka. Kada ka jira Allah ya busar maka da hannu, ba zai yi ba. Zai ce maka kada, a hankali, sannan ya bar ka ka zaɓa. Ka kai mai laifi gaban shari'a, ka bar wa Ubangiji ramuwa. In ka ji muryar nan, don Allah kada ka taka ta.

Mu sunkuyar da kai, mu yi addu'a.