Ƙofar da Wa Harlina Ta Tare

Akwai wata mata a tsibirinmu, can kudu da Buton, sunanta Wa Harlina. Daga birni aka auro ta, kuma ba ta taɓa bari wani ya manta da haka ba. Amma a ba ta abinta, akwai ta da zafin nema. Ita ta mayar da gidan mijinta masaukin baƙi, ɗaki huɗu bisa turaku a kan ruwa. Turawa su zo su kwana, mijinta La Darwis ya kai su nutso su kalli kifaye da kunkurun teku, ita kuma ta ciyar da su.

La Darwis yana da wa guda, La Untu, wanda ya raine shi bayan rasuwar ubansu. Shekara ashirin La Untu ya yi yana nutso da tiyo a baki, injin iska na bugawa a cikin jirgi, yana tsinto abin sayarwa a ƙasan teku. Wata rana injin ya mutu yana can ƙasa, ya taso a guje, ciwon nutso ya kama shi. Ya rayu, amma ƙafafun suka shanye rabi. Da sanda yake tafiya yana jan jiki, wani lokaci ma fitsari na kufce masa bai sani ba.

Hanyar unguwarmu ɗaya ce, gadar katako, kuma ta ƙofar masaukin ta wuce. Tun shekarar farko Wa Harlina ta tare La Untu.

"Yaya, don Allah in da baƙi ka riƙa bi ta ruwa. Mutanen nan nutso ya kawo su. In suka gan ka haka, wa zai yarda ya bi ƙaninka cikin teku?"

La Untu ya yi dariya. "To amarya, ashe ni ne tallar da ke korar ciniki. Na ji."

Tun daga ranar, ko masallaci za shi sai ya shiga kwalekwale ya zagaya. La Darwis ya sani, ya kawar da kai. Wannan kuma nasa laifin ne, ba zan wanke shi ba.

Ran wata Talata, La Darwis ya kai baƙi biyar nutso. Sau uku ya sauka da su tun safe. Da za su dawo, sai ƙarfen da ke riƙe jirgi ya maƙale a dutse, can ƙasa, zurfin wajen gaba ashirin da biyar. Maimakon ya yanke igiya ya haƙura, sai ya goya tulun iska da ya kusa ƙarewa ya koma na huɗu. Ya daɗe yana kokawa da ƙarfen. Iska ta ƙare masa. Ya taso kai tsaye ba tsayawa, ya faso ruwa kamar an harbo shi.

Baƙin har tafi suka yi masa. Shi ma ya yi dariya, ya tayar da inji suka nufo gida.

La Untu yana nan kusa cikin kwalekwalensa yana jefa ƙugiya. Shi bai yi tafi ba. Ya naɗe zarensa ya biyo su da filafili, hannu bibbiyu.

Lokacin da ya iso, an yi azahar, baƙi na kan baranda suna cin gasasshen kifi da tuwon rogo. Ga mamakin Wa Harlina, sai ta hango shi yana hawo matakala ta gaba, jiƙe sharkaf, sanda na ƙwanƙwasa katako. Ta ajiye faranti ta tare ƙofa da jikinta.

"Yaya, lafiya? Ba ka ga mutane na cin abinci ba?"

"Ina Darwis?"

"Ya shiga ya kwanta. Kafaɗa ke masa ciwo, gajiya ce."

"Jikinsa na ƙaiƙayi?"

Ta ɗan yi turus, don kuwa tun shigowarsa yake susar ciki. Amma sai ta ga Baturiyar da ke kusa ta daina tauna tana kallon ƙafafun La Untu. Ranta ya ɓaci.

"Ruwan gishiri ne. Kullum ma yana susa."

"Amarya, na ga yadda ya taso. Irin tasowata ce. Ki matsa in gan shi. Kada ki bari ya yi barci, kada ki sa masa ruwan zafi, kada kowa ya murza shi."

"Ikon Allah! Yau kuma likita ka zama? Mijina da takardar shaida yake nutso, Turawa suka koya masa, ba da tiyon ban-ruwa a baki ba. Da ka san maganin abin ai da ka yi wa kanka."

Ta faɗa da murmushi, don baƙi su ɗauka gaisuwa ake yi. La Untu ya dube ta, ya ɗaga murya ta saman kanta: "Darwis! Darwis!" Ta ja ƙofar ta rufe, ta sa sakata. Da ta ji bai daina kira ba, sai ta ƙure rediyo.

Sannan ta yi abin da uwarta ke yi wa duk wanda sanyi ya shige shi. Ta dafa ruwa ta gasa masa jiki. Ta shafa masa man zafi a baya, ta ɗauko kwabo ta kankare shi layi-layi har fatar ta yi ja. Ta lulluɓe shi da bargo ta ce ya yi barci, ta koma wajen baƙinta.

Ana kiran la'asar ta ji muryarsa. Ba ta taɓa jin ya kira ta da irin wannan muryar ba.

"Harlina, zo ki ɗauke min abin da kika ɗora a ƙafafuna."

Ta yaye bargon. Babu komai a kansu.

"Tashi mana, Maigida."

Ya yunƙura, ƙirji ya ɗago, daga ƙugu zuwa ƙasa ko motsi. Ta mintsini cinyarsa. Ta sake mintsina har farcenta ya shiga. Yana kallon hannunta kamar naman wani take tsunkula. Sai ta lura katifar a jiƙe take, shi kuwa bai ma sani ba.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Ta fita ba ɗankwali. Ma'aikaciyar jinyar tsibiri ta zo, ta duba, ta girgiza kai. Ta ce wannan sai babban asibiti mai ɗakin matsin iska inda ake sa masu ciwon nutso, jirgin fasinja kuma sai jibi, ƙaramin jirgi ba zai ƙetare teku da wannan igiyar ruwa ba. Ta buga waya, aka ce mata a kwantar da shi a jira.

La Darwis ya ce, "Ku kira min Yaya."

Wa Harlina ta bi gadar katako a guje har ƙarshen unguwa, inda bukkar La Untu take. Ba kowa. Ta duba masallaci, ba ya nan. Ta dawo tana haki tana kuka, tana cewa a ranta ya yi fushi ya tafi, kuma wa zai ga laifinsa. Tana taka barandarta sai ta ji an ƙwanƙwasa katakon daga ƙasa.

Ta leƙa ta tsakanin katakai. Jama'a, ga La Untu zaune cikin jirgi a ƙarƙashin gidanta, daidai saitin ɗakin da ƙaninsa ke kwance. Ya aro injin iska, ya naɗe tiyo biyu, ya jera dalma da igiya, ya kawo maza biyu cikin tsofaffin abokan nutsonsa. Awa uku ke nan yana zaune a wurin, kansa na gugar turaku, ruwan wanke-wankenta na zuba a gefensa.

Ta ce, "Yaya... tun ɗazu..."

"Na yi ta bugawa, waƙa ta fi ni murya. Ku sauko da shi."

Aka sauko da La Darwis cikin zani kamar gawa. Ta shiga jirgin ba wanda ya gayyace ta. Suka fita bayan duwatsu inda teku ke da zurfi kuma ba igiyar ruwa. Nan ta ga abin da ya kusa zautar da ita. La Untu ya ɗaura wa mijinta ɗamarar dalma a ƙugu don ta nutsar da shi, ya zarga masa igiya a hammata, ya cusa masa tiyo a baki, ya ce wa mazan, "Ku jefa shi."

Ta yi kukan kura ta riƙe igiyar. "Mutumin da ba ya motsi za ku jefa a teku? Yaya, in ni na yi maka laifi, ni za ka jefa! Kada ka rama a kansa!"

Ɗaya daga cikin mazan, wani tsoho mai haƙori biyu, ya ce, "Ke 'yar birni, sakar mana igiya. A ƙasa ya ɗauko ciwon, can za a mayar da shi ya taso a hankali. Ko ya yi, ko kada ya yi. Mun ga wanda ya tashi, mun ga wanda muka binne. Kina da wata dabarar?"

Ba ta da ita. Ta saki.

Sai ta ga La Untu yana tuɓe riga yana ɗaura tasa dalmar. Tsohon ya riƙe masa hannu.

"Untu, kai fa an ce in ka sake sauka ba lallai ka taso ba."

"In ya suma a ƙasa, wa zai riƙe masa tiyo a baki? Kai da tarin nan naka? Kula min da inji kawai. In ya mutu yau, har lahira sai na biyo ka."

Ya ja jiki zuwa bakin jirgi ya faɗa. Ruwa ya rufe su biyun.

Wa Harlina ta zauna tana kallon kumfa kashi biyu na tasowa. Duk bayan wani lokaci tsohon ya ɗago igiya tsawon gaba guda tak, ya ɗaure, ya koma ya zauna. Injin ya yi tari sau ɗaya, ta ji kamar ranta ne ya fita. Da ruwa ya lafa, ta hango su can ƙasa dishi-dishi: gurgun da ta hana bin ƙofarta ya rungume mijinta ta baya kamar mai goyon jariri, hannu ɗaya a kan bakinsa.

Rana na gab da faɗuwa suka fito. La Untu jini na zuba ta hanci, leɓɓansa sun yi fari, haƙora na kaɗawa. Bai ce a ba shi bargo ba. Ya kama babban yatsan ƙafar ƙaninsa na dama ya murɗe.

"Wayyo! Yaya, za ka karya ni!"

Tsohon ya yi kabbara. La Untu ya kama na hagu ya murɗe. Shiru. Ya sake murɗewa. La Darwis na kallon sama.

Ran Alhamis jirgin fasinja ya kai su birni, su uku. Sati biyu ana sa La Darwis a ɗakin matsin iska. Ƙafar dama ta dawo sarai. Ta hagu ta ƙi. Likitan bai ji daɗin mayar da shi ruwa da aka yi ba, ya ce ganganci ne da ke kashe mutane. Sannan ya buɗe takarda ya yi tambaya.

"Daga fara ciwon kafaɗa zuwa lokacin da aka gane abin da ke damunsa, awa nawa? Kuma wa ya gasa masa jiki? A ciwon nan, awannin farko su ne komai."

La Darwis ya ce, "Matata ba ta sani ba, likita. Yaya ne ya san ciwon, shi kuma labari bai kai masa da wuri ba."

La Untu na zaune a kan benci, sanda tsakanin gwiwoyi. Ya ce, "Haka ne. Ni na makara."

Da ta yi shiru, da magana ta mutu a nan har abada. Amma wannan rufin asirin ya fi mata mari zafi. Ta miƙe tsaye.

"Bai makara ba. Ba ka yi minti goma da kwanciya ba yana bakin ƙofa. Ya ce kada a sa ruwan zafi, kada a murza ka, kada ka yi barci. Na rufe masa ƙofa don baƙi na cin abinci. Yana ƙarƙashin ɗakinka yana bugawa, na ƙure rediyo."

La Darwis ya dubi matarsa, ya dubi wansa, ya dubi ƙafar. Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ina jin bugun. Na ɗauka a cikin kaina ne."

Ranar da aka sallame shi, ta matso ta miƙa masa kafaɗa ya dafa. Ya tsallake ta da hannu, ya kamo ta La Untu. Ta kwashi jakunkuna ta bi su a baya. Ba su rabu ba, har yau suna tare, ita ke wanke masa ƙafar tana shafa mai safe da yamma. Amma La Darwis bai sake nutso ba, kuma ba zai sake ba.

Darasi: Wanda wahala ta naƙasa ya san hanyar da wahalar ke bi ta shigo, ya fi mai takarda sanin kafarta. Kada kunyar idon baƙo ta sa ku rufe wa naku ƙofa, baƙo zai ci ya tafi, naku ne zai shiga ruwa dominku. Kuma ku sani, neman gafara na gyara zumunci, amma ba ya dawo da abin da girman kai ya riga ya cinye. Ku tura wannan ga 'yan'uwa, wataƙila akwai mai tsaye a bakin ƙofar wani yanzu haka ana jin kunyarsa.