Wasiƙu Uku Da Tufail Bai Buɗe Ba

An yi wani mutum a nan garinmu Sialkot. Ba zan kama sunansa ba, domin yana raye, kuma 'yarsa ba ta yi wa kowa laifi ba. Shi ne shugaban sashen ciniki a wata masana'anta mai ƙera almakashi da wuƙaƙen tiyata ana kai wa Turai. Mai sallah ne a sahun gaba, ba a taɓa jin ya ɗauki ko allurar kamfani ba.

A ƙarƙashinsa akwai wani dattijo mai suna Tufail, wanda ya shekara ashirin da biyu yana tallan kayan masana'antar. Tare suke cin abincin rana, kowa ya buɗe kwanon da matarsa ta zubo masa, su haɗa gurasar roti da miyar wake wuri ɗaya. Zumunci ya yi ƙarfi har Tufail ya nema wa ɗansa Zuhaib auren Mehwish, 'yar mutumin nan. An amsa, saura baiko.

Ana nan sai mai masana'antar, Haji Inayat, ya sayo wata manhajar kula da ciniki. Ana haɗa ta da akwatin imel na kowane ma'aikaci, ta riƙa jawo wasiƙun abokan ciniki tana jerawa wuri guda, shugaba ya ga wa aka amsa wa, wa aka bari yana jira. Ba ta aika wasiƙa, ba ta gogewa, ko alamar an buɗe ba ta bari a akwatin. Karatu kawai ake yi da ita. Aka ɗora wa mutumin nan aikin haɗawa.

Ma'aikata suka fara gunaguni, don da yawansu ba su da wani imel sai na ofis. Da shi suke harkar makarantar yara, da shi suke harkar asibiti. Bayan sallar azahar mutumin ya miƙe a masallacin masana'anta, gaban mutum arba'in, ya ce, "Wallahi tallahi, wasiƙun kwastomomi kaɗai za ta nuna. Abin da ya shafi gidajenku babu mai gani."

Tufail ya yi dariya ya ce, "Ku matsa, matsorata! Surukina ne ya rantse. Ina wurin da ake dannawa?" Shi ya fara ba da izini, sauran suka bi shi.

Ya 'yan uwa, a wurin haɗawar nan zaɓi biyu ne. Ko shugaba ya ga wasiƙun abokan ciniki kawai, ko ya ga duk abin da ya shigo akwatin. Ga kowa mutumin ya zaɓi na farko. Da ya zo kan Tufail sai hannunsa ya tsaya. Shaiɗan ya raɗa masa cewa gidan nan fa za ka kai 'yarka, wane uba ne ba ya bincike? Kuma me za ka taɓa? Karantawa kawai za ka yi. Sai ya danna na biyu.

Me ya samu? Babu komai. Sanarwar kwamitin masallaci, da gaisuwar ƙanwar Tufail da ke aure a Karachi. Amma ido ya riga ya saba. Kullum da safe, kafin shayinsa ya huce, ya gama leƙa rayuwar amininsa.

Shi kuwa Tufail manhajar ta kwanta masa a rai. A nasa allon wasiƙun kwastomomi kawai take nuna masa, ya ce ta hutar da shi daga tarkacen talla. Daga nan ya daina buɗe akwatin imel ɗin kansa gaba ɗaya.

A cikin damina haɗiya ta fara yi wa Tufail wuya. Ya je wani asibiti a Lahore, suka ɗebi ɗan nama a maƙogwaronsa, suka ce za su aiko da sakamako. Ya ba su imel ɗin ofis, sannan ya tashi zuwa baje-kolin kayan asibiti a Jamus na mako biyu.

Ranar wata Talata da safe wasiƙar ta shigo, mutumin nan ne ya karanta ta. Ciwon daji ne, amma yanzu ya soma. Sun ce sun kira wayar Tufail ba ta shiga, suna so ya zo cikin makon nan.

Mutumin ya ɗauki waya zai kira Jamus, sai ya ajiye. In Tufail ya ce ta ina ka sani, me zai ce? Ga rantsuwa a masallaci gaban mutum arba'in, ga baiko saura mako uku. Ya ce a ransa, in ya dawo zai gani da kansa.

Tufail ya dawo, bai gani ba. Kullum mutumin sai ya buɗe manhaja ya duba, wasiƙar tana nan da alamar ba a buɗe ta ba.

Wata rana suna cin abinci ya daure ya ce, "Tufail bhai, ɗan'uwana, ya maganar Lahore? Ba za ka koma ka ji ba?"

Tufail yana jiƙa roti a miya don ya yi laushi, ya ce, "Kai ma ka zama kamar matata. Da akwai wani abu ai da sun neme ni. Shiru suka yi, alhamdu lillahi."

Mutumin ya ce, "Alhamdu lillahi."

Inna lillahi! Ya 'yan uwa, kun ji da bakin da ya yi godiyar? Kalma biyu kawai ake bukata, duba akwatinka. Harshensa ya kasa ɗaukarsu, don yana tsoron tambayar da za ta biyo baya.

Wasiƙa ta biyu ta shigo ana saura kwana biyu baiko, ya karanta ta. Ranar baiko, kamar yadda muke yi, ya ɗauki alawa da hannunsa ya sa wa Tufail a baki, mutane suna ta barka. Yana kallo Tufail ya juya kai gefe, ya yi ta kokawa kafin ya haɗiye, idanunsa suka kawo ruwa. Mutane suka ce hawayen murna ne. Mutum ɗaya ne a wurin ya san ba shi ba ne.

Daga nan kuma kowace rana maganar ƙara nauyi take yi. In ya faɗa yanzu, ba leƙe kaɗai zai amsa ba, sai ya amsa shirun wata guda, sai na wata biyu. Wasiƙa ta uku ta zo, ita ma ya karanta ya rufe. Tufail yana ramewa a gabansa, yana shan jiƙe-jiƙen mai maganin gargajiya, yana cewa gyambon ciki ne.

A wata na biyar Tufail ya faɗi a ɗakin goge almakashi. A Lahore likita ya ce wa Zuhaib, "Sau uku muka rubuta wa mahaifinka. Da a lokacin ya zo, da yanzu wata magana muke yi."

Mutumin ya je dubiya. Tufail ya riƙe hannunsa, muryarsa da ƙyar take fita, ya ce, "Sakacina ne, ban duba ba. Ka riƙe min Zuhaib, ɗanka ne." Ko a nan mutumin bai faɗa masa gaskiya ba. Bayan kwana goma sha tara Allah ya karɓi ran Tufail, mutumin yana cikin waɗanda suka sa shi a kabari.

Bayan sadakar arba'in Haji Inayat ya ba Zuhaib kujerar mahaifinsa, ya sa aka buɗe masa manhajar duka don ya mayar da kwastomomin uban zuwa sunansa. A nan ya tarar da wasiƙu ukun. A gefen kowacce akwai wani shafi da mutumin nan bai taɓa lura da shi ba, duk da shi ya haɗa ta. Shafin yana rubuta wanda ya duba, da rana, da lokaci. Suna ɗaya ne a jere daga sama har ƙasa.

Zuhaib ya buga shafin a takarda, ya shiga ofishin mutumin ya ajiye masa a tebur. Ya kira shi baffa da harshenmu, ya ce, "Chacha, ta farkon kaɗai sau sittin da uku ka duba ta."

Mutumin ya ce, "Ɗana, ban taɓa komai ba. Karantawa kawai..."

Zuhaib ya ce, "Taku goma sha ɗaya ne daga teburinka zuwa na Abbu, mahaifina. Yanzu na ƙirga." Ya zare zoben baiko ya ɗora a kan takardar ya fita.

Ran nan Haji Inayat ya sallami mutumin daga aiki. Masu masana'antun garin nan kuwa duk sun san juna, babu wanda ya sake buɗe masa ƙofa. Mahaifiyar Zuhaib ta aiko a karɓi kayan baiko, ta ce kada ya sake taka ƙofar gidanta ko da ta'aziyya ce.

Amma ba wannan ne ya karya shi ba. Mehwish ce ta tsaya a bakin ɗakinsa ta ce, "Abbu, ranar da ka sa masa alawa a baki, ka sani?" Ya sunkuyar da kai. Shekara uku ke nan, tana dafa masa abinci, ta ajiye a ƙofa ta juya, ba ta ƙara kiran sa Abbu ba. Ni da idona na gan shi ran Alhamis a maƙabarta, ya tsaya nesa da kabarin Tufail, ya kasa ƙarasawa.

Ya 'yan uwa, wallahi ina jin tausayin mutumin nan, kuma ina jin tsoro. Bai ƙi Tufail ba, yana son sa. Leƙen da ya raina ne ya ɗaure masa harshe ranar da ran amininsa yake bukatar harshen. Allah ya hana mu bin diddigin sirrin juna, mu kuwa muna cewa ai kallo ne kawai. Wa ya gaya maka ido ba ya cin amana? Wayar matarka, saƙon ma'aikacinka, takardar da aka ba ka ajiya, duk amana ce. In kuma ka riga ka zame, ka faɗa yau, ka sha kunyar yini ɗaya, tun ana iya ceton wani. Manhajar da ɗan Adam ya ƙera ta ƙirga sittin da uku ba ta manta ko ɗaya ba. Yaya kake gani da littafin da mala'iku ke rubutawa?

Allah ya jiƙan Tufail, ya sanyaya zuciyar iyalinsa, ya karɓi tuban mutumin nan in ya tuba. Allah ya kiyaye mu daga kallon abin da ba namu ba, ya kiyaye mu daga yin shiru a inda magana ta wajaba. Amin.