Dariyar da ke cikin wayar Warda

Akwai wata yarinya a unguwar Imbaba, sunanta Warda, shekararta sha biyar. Don Allah kar wanda ya biyo ni ta saƙo yana tambaya a ina na ji. Ku karanta kawai.

Warda tana da yaya, Midhat. Shi da abokansa sun samo wani wasa. Su hau babur, su hango mutum yana tafiyarsa bai san hawa ba bai san sauka ba, su zabga masa mari a ƙeya su wuce. Kun dai san mu. Gara ka zagi mutum da ka taɓa masa ƙeya a bainar jama'a.

Ran wata Talata da sassafe Midhat ya aro wani jan babur daga wata unguwa. Ya ɗago kai ya kira Warda tana baranda tana shanya.

"Ke kazar Mama! Ɗauko wayarki ki ɗau mu. Kar hannun nan naki ya yi rawa."

"Yaya, ni tsoro nake ji."

"Ke da inuwarki ma tsoronta kike. Danna kawai."

Ta danna. Ya ɗaga mata hannu yana washe baki, sannan ya ja mayafi ya rufe fuska.

Sai ga Baffa Shahata mai kawo gurasa, a kan kekensa, da ƙaton faifan katako a ka. Ya fi shekara talatin yana bin layin nan, ba a taɓa ganin gurasarsa ta faɗi ba.

Tas! Midhat ya zabga masa mari a ƙeya ya wuce. Keken ya karkace, tsohon ya zube, gurasa ta watse har cikin kwata.

Warda ta yi dariya. Wallahi ba ta san ta fito ba, amma ta fito, da ƙarfi kuma.

Sai ta ga tsohon ya rarrafa. Hannunsa na dama yana lilo, da na hagu yake tsince gurasar ɗaya bayan ɗaya, ya sumbace ta, ya kai goshi, ya ajiye. Ko juyawa bai yi ya ga wa ya mare shi ba. Ta kashe wayar ta shige ɗaki.

Hannun ya karye. Kuma wata mata ta ce ita dai jan babur ta gani.

To jan babur ɗaya ne a layin, na Atiyya mai raba tukunyar gas. Baƙo ne, daga ƙauyen kudu ya zo, yana haya a ɗakin ƙasa da matarsa da jaririya. Ya rantse har muryarsa ta dishe, babu wanda ya saurare shi. Mai gidan ya ce su kwashe kayansu kafin Asabar. Mazan shagon shayi kuma suka ce bayan sallar Juma'a za su nuna masa yadda ake taɓa ƙeyar dattijo.

Warda ta tare yayanta a bakin matattakala.

"Yaya, za fa su daki Atiyya."

"To ni ne ubansa?"

"Zan nuna wa Baba."

Ya yi murmushi ya ja mata kunne. "Nuna mana. Muryar wa ke ƙyaƙyata dariya a ciki? Duk Imbaba za su ji 'yar gidan Usta Fathi tana yi wa tsoho dariya yana ƙasa. Sai mu ga wa zai ƙara amsa gaisuwarki."

Ta san gaskiya ya faɗa. Ta so ta cire sautin, ba ta iya ba, kuma ba ta da wanda za ta tambaya. Ta so ta goge bidiyon gaba ɗaya, yatsanta ya ƙi.

Mama ta zuba mata wake da safe, ta ture kwanon gefe.

"Ke lafiyarki kuwa? Fuska kamar lemon tsami."

"Cikina ne, Mama."

Ran Alhamis ta hango matar Atiyya tana ɗaure katifa da igiya, jaririya tana kuka a kan kwali. Matar ta ɗago kai ta ce, "Ina kwana, Warda," kamar kullum. Warda ta juya ta shige ɗaki.

Juma'a da safe Baffa Shahata ya biyo layin a ƙafa, hannu a naɗe, 'yar jakar gurasa a kafaɗa. Warda tana baranda, kunya ta hana ta sauka ƙasa. Sai ta ɗauki kwandon da suke zurawa da igiya in za su yi sayayya, ta buɗe bidiyon, ta sa wayar a ciki, ta zura.

Tsohon ya leƙa kwandon. "Yanzu da waya ake sayen gurasa, 'yata?"

"Baffa, ka danna. Ka kalla."

Ya danna. Daga hawa na biyu ta jiyo dariyarta tana fita daga wayar. Ta durƙushe a bayan shanya, ta toshe baki da gefen mayafinta. Da ta leƙo, ya tafi da wayar.

Bayan sallah maza suka taru a shagon shayi, an riƙo Atiyya ta wuyan riga. Baffa Shahata ya shiga tsakiya ya ɗaga wayar. Aka yi ta miƙa ta hannu zuwa hannu har ta kai ga Usta Fathi. Ya kalli ɗansa yana washe baki a ciki. Ya hau sama ya sauko da Midhat.

"Ga ƙeyarsa nan, Shahata. Rama."

"Da wane hannun?" in ji tsohon. "Ɗayan ya karya, ɗayan kuma da shi nake cin abinci. Ya je ya kwance wa matar bawan Allahn nan katifarta. Gobe kuma ya zo ya ɗau faifai, sai ranar da na warke. Ku ma da kuka shaƙe Atiyya, ku ba shi haƙuri."

Midhat ya kwance katifar, duk layin na kallo, yara suna ta yi masa ihu. Ko kai bai iya ɗagawa ba.

Warda kuwa tana ɗaki tana jiran nata. Ta jira Baba ya shigo da ihu. Ta jira maƙwabta su fara nuna ta da baki. Shiru. Abin da Baba ya ce kawai shi ne, "Gara da kika ɗauka."

Da la'asar Mama ta aike ta ta karɓo wayarta. Ta sami tsohon zaune a ƙofar gidan gurasa. Ta tsaya nesa, idonta a ƙasa.

"Matso mana, ba na cizo." Ya miƙa mata wayar. Ya rage murya. "Na sa jikana ya kashe sautin kafin in nuna musu. Hoto kawai suka gani."

Hawaye suka zubo mata. "Amma kai ka ji, Baffa."

"Na ji. Ta fi marin zafi, ba zan ɓoye miki ba." Ya gyara naɗin hannunsa. "Amma kin san zan ji, kuma kika ba ni. Je ki gida, 'yata. Daga bakina babu mai ji."

Har yau bai faɗa wa kowa ba.

Darasi: Wanda kake mara a hanya don a yi dariya, uban wani ne, kuma da hannun nan yake ciyar da gidansa. Mai riƙe waya yana dariya shi ma yana cikin laifin. In ka san gaskiya kuma ana shirin cutar wanda bai ji ba bai gani ba, ka faɗa ko da kunya za ta kashe ka. Don Allah ku tura wa wasu, musamman masu yayye da ƙanne a gida.