Kalangu a Gonar Burtu

An yi wani Burtu a dajin Rafin Kanya, shi ne Sarkin Makaɗan dabbobi, ga girman kai kamar ya fashe. A wurinsa kowane kiɗa da gidansa: kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma. Sunan kiɗa kawai yake tambaya, yadda yake sauka a kunne bai dame shi ba.

Wata damina ciyawa ta taso wa geronsa har ta fara fin shukar tsawo. Ya kira gayya, samarin daji suka ce yini ɗaya za su ba shi, don wasu gonakin na jiransu. 'Yan gayya kuwa da kiɗa suke tafiya. In ganga ta yi zafi fartanya ta yi zafi, in ta yi sanyi hannu ya mutu.

To, gangar noma guda ce tak a dajin, kuma Hawainiya ce ta gaje ta wajen ubanta.

Da hantsi samari suka jeru, kowa da kunyarsa. Hawainiya ta ɗaga makaɗi, ta yi gaba da shi, ta yi baya, ta sake tunani, sannan ta sauke: dum. Samari suka sari ƙasa sau ɗaya, suka tsaya jiran na biyu.

Biri makaɗin kalangu yana bisa ƙirya yana kallo, shi kuma ba ya iya haƙuri. Ya diro, ya matse kalangunsa a hammata, ya saki kiɗa mai zafi. Nan da nan fartanyoyi suka tashi, ciyawa ta kama zubewa.

Ran Burtu ya ɓaci har wuyansa ya kumbura. Ko kallon aikin bai yi ba. Abin da ke cin sa shi ne ana taka dokarsa a gonarsa, a gaban kowa.

"Kai Biri, nan mahauta ce? Ka ga an yanka sa?"

"Ranka ya daɗe, dubi kunyoyin mana. Sunan kiɗan ne zai nome maka gero, ko zafinsa?"

"Ni za ka koya wa kiɗa, mara kunya? Kalangu na fawa ne tun kaka da kakanni. Fita mini daga gona!"

Hawainiya ta ce a hankali ita ba ta ƙi a taya ta ba. Burtu ya daka mata tsawa, ya ce ta riƙe gadonta ta rufe baki.

Biri ya ja tsaki, ya tsallaka iyaka zuwa gonar Bushiya, wadda ke fama da ciyawarta ita kaɗai. Ya zauna ya sauke duk fushinsa a kan kalangu.

Samari suka koma jiran dum, amma kunnensu na can. Gadu, babbansu, shi ya fara saɓa fartanya ya tsallaka, saura suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Burtu ya riƙa shan gabansu yana kumfar baki, wai kiɗan mahauta suke bi, sun zubar da mutuncin manoma.

Gadu ya ce, "Ranka ya daɗe, mu dai fartanyarmu ba ta san sunansa ba."

Kafin la'asar gonar Bushiya ta yi fes, samari suka watse. Burtu ya tsaya cikin ciyawa har ƙirji, baƙin ciki ya rufe shi, don ya san geron bana ya tafi. Can sai Hawainiya, makaɗi a sama, ta juyo da ido ɗaya ta dube shi.

"Ranka ya daɗe, in ci gaba?"

Darasin wannan labari shi ne, kafin ka kori kiɗa saboda sunan da aka laƙaba masa, ka saurare shi tukuna, ka ga abin da yake yi wa masu jin sa. Burtu ya tsare dokarsa, amma a rumbun Bushiya ya roƙi hatsi wannan shekarar.